Saƙonnin Inna da Yaya Bai Saurara Ba

Yayana ya ɓatar da muryar mahaifiyarmu, kuma ni ce na fi kowa yi masa gori a kai. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don kada a ɗauka labarin mai laifi ɗaya zan bayar.

Shekara tara ya ba ni. Shi ya koya mini kwamfuta, shi kuma ya ja ni zuwa kamfanin da yake aiki, inda muke rubuta manhajar da asibitoci ke tsara layin marasa lafiya da ita. Ni aikina gwaji ne. Masu rubuta manhaja su rubuta, ni kuma in bi ina danna duk abin da bai kamata a danna ba har sai ta tona wa kanta asiri. Shi aikinsa kula da sabobi, wato manyan kwamfutocin da komai namu ke zaune a kansu. Kada su faɗi, in sun faɗi kuma a tashe su da wuri.

Teburinsa yana can ƙarshen ɗaki, jikin tagar da labulenta ya daɗe da tsinkewa. Kujerarsa hannu ɗaya gare ta, shi ma an naɗe shi da salatif. Sau uku ana kawo masa sabuwa yana mayarwa. Haruffan kibod ɗinsa sun goge tas, in ka zauna a wurin sai ka rasa ta inda za ka fara. A ofis ba wanda ke kiran sunansa na gaskiya, Ka-Gwada ake ce masa, saboda duk abin da ka kawo masa, kafin ya ɗago kai tambayar ta riga ta fito: "Ka gwada?" In ka ce ai ya kamata ya yi aiki, sai ya cire tabarau ya dube ka har sai ka ji kunyar kanka.

Ra'ayi kuwa Yaya yana da shi a kan komai, kuma ba ya jira a tambaye shi. Sababbin kayan aiki da ake kawo mana duk bayan wata shida, cewa yake tsofaffin ne aka sake wa riga. "Bara sun ce wannan ne zai raba mu da wahala. Bana sun kawo wanda zai raba mu da wahalar wancan." Da aka fara yayin manhajar da ke rubuta wa mutum kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi, da kanta, ya zauna da ita yini guda, ya tashi ya ce tana da ladabi, tana da sauri, kuma tana ƙarya ba ta ƙifta ido. Taron safe da ake yi a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya, shi a zaune yake yinsa. Manaja ya yi magana har ya gaji ya ƙyale shi.

Amma abin da ya fi tsana shi ne kilawud, wato ka ɗauki kayanka ka ajiye a kwamfutocin wani babban kamfani da ba ka taɓa ganin ƙofarsa ba. "Suna ne kawai mai daɗi," in ji shi. "Kwamfutar wani ce, a ɗakin wani, makulli a aljihun wani. Ran da ta tsaya, me za ka yi? Ka zauna kana sabunta shafi kana karanta haƙurin da suke ba ka." Wata Talata da hantsi kuwa abin ya faru. Kamfanin da muke haya a wurinsu ya tsaya cak na awa biyar. Wayoyin ofis suka ɗauki ruri, manaja yana zagaye da gumi har wuya. Yaya ya tashi a natse, ya kunna tsohuwar sabar da ya hana a zubar, ya mayar da komai kanta, asibitoci suka ci gaba da aiki. Ranar har tafi aka yi masa. Ni da nake ƙanwarsa sai da na ji kaina ya yi girma, shi kuwa daga ranar ba wanda ya isa ya ƙara gaya masa magana.

Duk Juma'a da safe yana da wata al'ada. Kwafin ajiya da ake ɗauka na bayanan kamfani, ba ya yarda da alamar kore da ke cewa an ɗauka. Sai ya ɗauko kwafin, ya zuba shi a wata kwamfuta ta daban, ya buɗe, ya ga bayanai da idonsa. Kullum maganarsa ita ce kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, ba kwafi ba ne, fata ne kawai. Shekara goma sha ɗaya bai tsallake Juma'a ɗaya ba, ko yana zazzaɓi.

Innarmu ba ta rubutu a waya, yatsunta ba sa bin ƙananan haruffan. Saƙon murya take turowa, kuma ba ta san gajere ba. Za ta fara da gaisuwa, ta bi ta kan ciwon gwiwarta, ta tsaya ta yi wa maƙwabciya magana ta taga ba tare da ta kashe ba, ta dawo ta manta abin da ya sa ta kira, ta yi dariya, ta yi maka addu'a mai tsawo. Ba ta son kyamara, ko bidiyo ɗaya ba mu da shi da take magana a ciki. Saƙonnin nan su ne abin da muke da shi, na shekara da shekaru, a wayoyinmu mu huɗu: Yaya, ni, ƙanwata mai bi mini, da Auta.

Wata rana muna cin abinci a gidansa, wayar Auta ta cika har ya goge wasu daga cikin saƙonnin. Yaya ya ajiye cokali.

"Muryar Inna ka goge don ka sa wasa?"

"Yaya, ai suna can a ajiye a kilawud."

"A wurin wa? Ka san shi? Gobe in ya rufe maka asusu, wa za ka kai wa ƙara?"

Cikin wata biyu ya rubuta mana manhaja tamu ta gida. Ya sayi ƙaramar kwamfuta, baƙa, ba ta fi akwatin takalmi ba, ya ajiye ta a ƙarƙashin teburinsa na gida. Duk saƙon da Inna ta turo can yake tafiya, wayarka ba ta riƙe komai, daga akwatin take jiyo maka. Ya kwashe tsofaffin saƙonnin daga wayoyinmu ya zuba a ciki, ya ce mu rufe tsofaffin asusun. Ƙanwata ta ɗan yi gardama, ya ce mata, "Ke da ko kalmar sirrinki ba kya riƙewa?" Muka yi dariya, muka goge. Sannan ya kawo akwati na biyu gidana, ya ɗora shi a bayan talabijin. Ya ce kullum na gidansa zai riƙa turo kwafi nan, ko gobara aka yi a can, Allah ya kiyaye, akwai na nan. Fitila ce ƙarama a jikinsa, koriya. Shekara uku ina share masa ƙura ina hana yara taɓa shi.

Gaskiya manhajar ta yi kyau. Maɓalli ɗaya ne babba, da hoton kowannenmu. Inna ta so ta ƙwarai, har tana yi wa ƙawayenta fariya wai ɗanta ya ƙera mata waya tata ita kaɗai.

Sai dai shi wanda ya ƙera ɗin shi ne ya fi kowa rashin saurare. Yaya mutum ne da aiki ya cinye. Wayar kiran gaggawa ta ofis ya kamata ta riƙa zagayawa tsakanin mutum huɗu, mako-mako, amma shi ya riƙe ta, wai sauran hannunsu bai nuna ba. Yana zagin kamfani a kan ba sa barin mutum ya huta, alhali shi ke hana kansa. Hutunsa na shekara sai manaja ya yi da gaske yake ɗauka, in ya ɗauka ma laftof na kan cinya. Saƙonnin Inna da farko yana jin su da gudu biyu, muryarta tana fita sirit kamar ta yarinya. Daga baya ya daina buɗewa. In na ce, "Yaya, Inna ta ce ba ka amsa mata," sai ya ce, "Zan saurara. Ai suna nan, ba inda za su." Yakan kira ta minti biyu a mota, ya tambayi jiki, ya ce zai leƙo. Ita kuma ba ta fasa turo masa nata ba.

Rashin lafiyarta bai yi tsawo ba. Kwana tara a asibiti, Allah ya karɓi abarsa. Ko a can Yaya yana baranda da laftof, yana shiga yana fita. Ban ce bai damu ba, na ga yadda yake gyara mata filo a hankali. Bai dai san yadda ake zama kawai ba.

Bayan rasuwar mu uku muka riƙa sauraren namu, kowa a ɗakinsa. Ni ina da wanda nake maimaitawa, inda take koya mini yadda ake cire tabon mai a farin yadi, tana yi tana zagin wanda ya ƙirƙiro farin yadi. Yaya ya gaya mini akwai guda arba'in da uku nasa da bai taɓa buɗewa ba. Lambar tana nan ja a kan hotonta. Ya ce ba zai iya ba tukuna, sai zuciyarsa ta ɗan kwanta, zai ɗauki hutu na gaske ya zauna ya ji su ɗaya bayan ɗaya, ba da gudu ba. Na ce ya kyauta. Saƙonni ne da ta yi masa shi kaɗai, ba wanda ya san abin da ke ciki.

Wata huɗu bayan haka faifan ajiyar akwatin gidansa ya mutu. Matarsa ta ce kwana biyu tana jin yana wani ƙas-ƙas, ta ɗauka fanka ce. Yaya ko a jikinsa. Ya turo mana cewa kada kowa ya tayar da hankali, faifai dama mutuwa yake, don haka aka yi na biyu. Ranar Asabar da safe ya zo gidana da laftof da sabon faifai a cikin leda. Ƙanwata da Auta ma suka zo, don an daɗe ba a haɗu ba. Na dafa shayi. Ya janyo akwatin daga bayan talabijin, ya ɗora a teburin cin abinci, har yana tsokanata wai na share shi ya fi fuskata sheƙi.

Ya haɗa waya, ya yi 'yan rubuce-rubuce. Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar, ya sake rubutawa. Ni da na san aikin na zagaya bayansa na leƙa. Foldar da ake zuba saƙonnin a ciki tana nan da sunanta, Inna. Babu komai a cikinta.

"Yaya, mene ne?" in ji Auta.

Yaya ya buɗe rajistar da manhajar ke rubutawa kullum in ta gama aiki. Layi ne a jere, fiye da dubu, kowanne da kwanan watansa, kowanne yana cewa an kammala lafiya. A ƙarshen kowane layi akwai adadin abin da aka kwafa, kuma sifili ne. Ya yi ta ja sama, sifili, sifili, har ya kai makonnin farko.

Abin da ya faru ba shi da wuyar fahimta, shi ya sa ya fi ciwo. Sati biyu da kafa akwatin, Yaya ya ga faifan ya yi ƙanƙanta, ya sa babba, ya mayar da saƙonnin can. Tsohuwar foldar ya bar ta a wurinta, wayam. Ya manta bai gaya wa manhajar kwafi sabon wurin ba. Ita kuwa an umarce ta ne ta sa na gidana ya zama daidai da na gidansa. Ta duba ta ga babu komai a can, ta share na nan ya zama daidai, ta kunna koriyar fitila. Kullum haka, shekara uku. Ba ta yi kuskure ba, abin da aka ce ta yi ta yi.

Ƙanwata ta fara kuka. Ni ban yi kuka ba, zuciya ce ta ɗebe ni. Na tsaya a kansa, a gaban ƙannenmu, a gaban mijina da ya fito daga ɗaki, na ce:

"Ka gwada?"

Ya ɗago ya dube ni.

"Tambayarka nake, Yaya. Shekara goma sha ɗaya kana wulaƙanta mutane da ita. Bayanan baƙi kana buɗewa duk Juma'a. Na uwarka fa? Sau nawa ka buɗe? Ko sauraronta ba ka yi ba tana da rai, ka zo ka raba mu da namu!"

Mijina ya ce in yi shiru, na ƙi. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Yaya ya rufe laftof ɗinsa. Ya naɗe wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya yadda ya saba, ya sa a jaka, ya ɗauki akwatin a hammata. A bakin ƙofa ya tsaya neman takalminsa ƙafa ɗaya, ya daɗe yana dubawa, alhali yana gabansa.

Ya kai mataccen faifan wurin masu ceto bayanai, irin waɗanda ke buɗe shi a ɗaki mai tsabta da safar hannu. Sati uku suka riƙe shi. Suka ce allurar ciki ta karce fuskar faifan, ta mayar da wurin gari. Ya kai wani wurin, suka faɗi haka. Ya rubuta wa kamfanin da muka rufe asusunmu a wurinsu, shi da ya sha zaginsu, da lafazi mai taushi. Suka amsa da ladabi cewa abin da aka rufe shekara uku ya wuce.

Na yi wata biyu ba na yi masa magana sai ta aiki, ga shi tebur shida ne tsakaninmu. Ina jin daɗin fushina, ba zan ɓoye ba, don muddin ina fushi da shi ba sai na dubi kaina ba. Wata rana ina cikin gwada wata sabuwar manhaja, ta nuna mini kore, hannuna da kansa ya tafi duba ko da gaske ne. A nan jikina ya yi sanyi. Aikina ke nan, a kansa ake ba ni albashi: kada in yarda da kore. Akwatin nan shekara uku yana falona. Minti biyar ya ishe ni in haɗa waya in leƙa. Ban taɓa ba, ko a raina ban kawo ba, saboda aikin Yaya ne. A ofis ko shi bai isa ya saki layi ɗaya ba sai wani ya duba ya sa hannu, doka ce, shi ma ya kafa ta. A gida kuwa wa zai ce wa babban wa kawo in duba? Na share ƙura, na ɗauka na yi nawa.

Yaya bai bar aiki ba, amma ya canza. Ya miƙa wayar gaggawa ga sauran. Ya daina tambayar da aka san shi da ita, sababbin ma'aikata har mamaki suke daga ina sunan ya samo asali. Da aka zo taron mayar da sauran sabobinmu kilawud, kowa ya juya yana jiran ya tayar da ƙura. Ya ce, "Ku mayar. Ba don sun fi mu iyawa ba, su ma suna faɗuwa. Amma su akwai mai duba bayan wani. Ku dai sa mutum biyu su riƙa buɗe kwafin, kuma kada ɗayan ya zama mai jin nauyin ɗayan." Bai dubi inda nake ba. Ni ma na sunkuyar da kai ina wasa da biro.

Na so in ba shi haƙuri, na rasa ta inda ake farawa. A gidanmu ba mu saba ba, faɗa muke yi sannan wani ya kawo wa wani abinci. Don haka wata Laraba na zubo abinci kula biyu. Lokacin hutun rana ofis ya watse, shi yana nan a kujerarsa mai hannu ɗaya, ya zuba wa allo ido, ba abin da yake yi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na dangwarar da kular a gabansa. Ya ce ya ƙoshi. Raina ya ɓaci, na manta da haƙurin da na zo bayarwa.

"Ka ƙoshi da me? Da iska? Dalla ja nan ka ci, mutum sai taurin kai kamar me, kana ramewa kana ce wa mutane lafiya lau!"

Ya juyo da sauri har kujerar ta yi ƙara. Ya kafe ni da ido, bakinsa a ɗan buɗe.

"Sake faɗa."

"Me?"

"Yadda kika faɗa yanzu. Haka Inna take yi. Wallahi haka take yi, har inda take jan *lau* ɗin." Ya laluba wayarsa a kan tebur, ya danna wurin ɗaukar murya, ya miƙo ta saitin bakina. "Don Allah, ƙanwata. Sake faɗa."

Ni ban ji na yi kama da kowa ba, faɗa kawai na yi. Na gyara murya na maimaita. Ya girgiza kai. Na sake, na ja ƙarshen yadda nake tsammani. Na sake na uku, na huɗu, ina ƙoƙarin tuno ta, kowanne yana fin na baya nisa da ita. Ya saurari na ƙarshen a kunnensa, ya goge shi, ya kife wayar.

"Bar shi," ya ce. "Ke ce wannan."

Ya jawo kular, ya buɗe, ya fara ci. Na jawo kujerar wani na zauna kusa da shi har ya cinye.